Yadda na bi sawun kullen kwak da zare da girabiti a Dang

Batun da na ɗauka don kundin digirina na biyu a fannin fiziks, a Jami'ar Ngaundere, tambaya ɗaya ce: me ya sa ba a taɓa kama kwak shi kaɗai ba? Tun 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig, kowa ta nasa gefen, suka ce furoton da nutiron, ƙwayoyin da ke tsakiyar atom, ba su ne ƙarshen tsaga ba, a cikin kowannensu akwai wasu 'yan ƙwayoyi uku, su ne kwak. A ƙarshen shekarun 1960 aka riƙa harba ilektiron cikin furoton a cibiyar SLAC da ke Kalifoniya, yadda suke fallatsowa ya nuna lalle akwai abu a ciki. Amma daga lokacin zuwa yau, duk girman injin karon da aka gina, har da na CERN a kusa da Janiba, ba wanda ya fizgo kwak ɗaya waje. Ka doki furoton iya ƙarfinka, abin da zai tarwatso wasu ƙwayoyi ne daban, kowace da nata kwak a ɗaure, bibbiyu ko uku-uku. Wannan shi ne kullen kwak.

Ka'idar ƙarfin da ke ɗaure su tana nan a rubuce tun farkon shekarun 1970, ana kiranta QCD. Kwak yana ɗauke da wani caji mai iri uku da aka sa wa suna launi, gulon kuma shi ke kai ƙarfi tsakanin kwak da kwak. Shi ma gulon ɗin yana da launi, don haka yana jan ɗan'uwansa, abin da haske ba ya yi. A 1973 David Gross da Frank Wilczek da David Politzer suka nuna cewa idan kwak biyu suka matso kusa ainun, ƙarfin da ke tsakaninsu yana raunana, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2004. A wannan kusancin ne lissafin da aka koya mana a aji yake aiki: ka ɗauki ƙaramin adadi, ka riƙa ɗora gyara kan gyara har amsa ta daidaita. Da tazara ta kai wajen femtomita 1, wato kwatankwacin girman furoton kansa, adadin ya daina zama ƙarami, gyara na biyu ya fi na farko girma, hanyar ta rushe. Inda kulle ke faruwa, nan ne alƙalami ke tsayawa.

Akwai wata hanyar da Kenneth Wilson ya buɗe a 1974. A yanka sarari da lokaci a mai da su raga, a bar manyan kwamfutoci su yi ta lissafi. Su ne suka nuna cewa idan ka raba kwak da kishiyarsa, wato takwaransa mai akasin caji, makamashin da ke tsakaninsu yana hawa ne daidai da tazara, wajen GeV 0.9 a kowace femtomita (GeV ma'aunin makamashin ƙwayoyi ne). Idan aka mai da shi ma'aunin da muka sani, ja ne da ya kai nauyin tan 15 ko kusa da haka, kuma ba ya raguwa komai nisa. Raga ta nuna cewa abin yana faruwa. Dalilinsa ne ba ta faɗa ba, kuma tabbatar da shi da hujjar lissafi har yau bai samu ba. Tun 2000 Cibiyar Clay ta Amurka ta ajiye dala miliyan 1 ga wanda ya warware wata tambaya 'yar'uwar wannan, ta giɓin nauyi a ka'idar Yang da Mills, wato a tabbatar cewa gulon zalla ba sa haifar da ƙwaya marar nauyi, kuɗin suna nan ba a karɓa ba.

Mu ba mu da kwamfutar da za ta ɗauki lissafin raga. Abin da ya ja ni ke nan tun farko ga wata hanyar daban, wadda ke mai da tambayar ta koma lissafin zare da girabiti, na ji ana cewa takarda da biro da ƙaramar kwamfuta sun isa. Malamin da na nufa, fagensa lissafin igiyoyin ruwa ne da makamantansu, bai taɓa aiki kan ka'idar zare ba. A aji da Faransanci muke magana, amma mutumin Garwa ne kamar ni, idan mu biyu ne a ofis sai mu koma Hausa. Na ce, "Allah gafarta Malam, na san ba fagenka ba ne." Ya duba shafukan da na kawo, ya daɗe a kan ɗaya, sannan ya ce, "Labarin ba nawa ba ne, amma lissafin namu ne. Zan karɓe ka da sharaɗi ɗaya. Duk lambar da za ta shiga kundinka, kai za ka fitar da ita da hannunka. Kada ka rubuta mini 'an nuna cewa'."

Takardun duk suna nan kyauta a rumbun arXiv. Cikin dare nake sauke su, lokacin da intanet ke sauƙi, da safe in kai wa masu fotokofi na bakin titin Dang su buga mini, domin ba na iya bin dogon lissafi a kan fuskar waya. Da Ingilishi aka rubuta su, ni kuwa da Faransanci na yi karatu, shafin farko na kowace takarda yakan ci mini lokaci fiye da lissafin da ke bayansa.

Abin da na fara fahimta shi ne ka'idar zare ba baƙuwa ba ce a wannan gida. Don ƙarfin da ke cikin furoton aka haife ta. A 1968 Gabriele Veneziano ya rubuta wata jumlar lissafi da ta dace da yadda ƙwayoyin meson, masu kwak ɗaya da kishiyarsa, ke karo, ba da jimawa ba Nambu da Nielsen da Susskind suka gane cewa jumlar tana kwatanta zare ne mai kaɗawa. Da QCD ta zo aka ajiye wannan tunani, masu zare suka koma neman ka'idar girabiti, wato ƙarfin jan da ke tsakanin duk abu mai nauyi. A 1974 Gerard 't Hooft ya lura cewa idan ka ƙaddara launuka ba uku ba ne, suna da yawa ƙwarai, zane-zanen lissafin gulon suna jeruwa kamar shimfiɗar da zare ke sharewa yayin tafiyarsa. Sai a watan Nuwamba na 1997 Juan Maldacena, ɗan Ajantina, ya kawo misali tsayayye. Ya ce wata ka'idar gulon mai launuka da yawa, a duniya mai shiyyoyi huɗu irin tamu, tsawo da faɗi da tsayi da lokaci, daidai take da ka'idar zare a wani sarari lanƙwasasshe mai shiyyoyi biyar da ake kira anti-de Sitter, haɗe da wasu shiyyoyi biyar da suka naɗe suka zama ƙwallo. Abu ɗaya ne aka rubuta da harsuna biyu, daidaiton da ake kira holografi. Abin da ya sa kowa ya ruga kansa, inda ka'idar gulon ta yi ƙarfi ta gagari lissafi, a nan ne ɓangaren zare ke saukowa ya zama girabitin Einstein, wanda an san yadda ake lissafa shi. Har yanzu ba a tabbatar da wannan daidaito da cikakkiyar hujja ba, amma an gwada shi a wurare masu ɗimbin yawa ya tsaya.

Aikin farko da Malam ya ba ni shi ne in maimaita lissafin da Maldacena ya yi a 1998, wanda Rey da Yee ma suka yi a daidai lokacin. Duniyarmu tana bakin sararin ne, a inda shiyya ta biyar, z, take sifili. Ka kafa kwak a nan, kishiyarsa a can, tazarar L a tsakaninsu, ka haɗa su da zare ɗaya. Zaren ba dole ne ya bi ta baki ba, yana iya nutsawa cikin z. Kuma a wannan sarari duk tsawon da ka auna a zurfin z sai ka ninka shi da R/z, R kuwa shi ne ma'aunin lanƙwasar sararin. Ma'ana, iya zurfin da zare ya yi, iya ƙarancin makamashin da kwanciyarsa ke ci. Sauka tana ƙara masa tsawo, amma tana rage masa nauyin kowane taki. Inda waɗannan biyu suka daidaita, nan zaren ke tsayawa.

Hoton da na riƙe a kaina tun daga ranar shi ne na mutum biyu a bakin wata rijiya mai faɗi, kowa riƙe da bakin igiya ɗaya, cikin igiyar ya lotsa ƙasa. A rijiyar Maldacena, duk takun da suka ƙara nisanta da juna, igiyar sai ta ƙara nutsawa, domin rijiyar ba ta da ƙasa.

Fitar da lambobin ya ɗauke ni lokaci. Tsawon zaren ba shi da iyaka, saboda kusa da baki R/z yana hauhawa ba tsayawa. Sai ka cire makamashin zare biyu miƙaƙƙu da ke sauka kai tsaye daga kowane kwak, waɗanda su ne nauyin kwak ɗin kansu, abin da ya rage shi ne amsar. A can ƙasa kuma, a wurin da zaren ke juyawa, abin da ake tarawa a intigiral yana tashi sama, kwamfuta ta riƙa ba da lamba daban duk lokacin da na ƙara yawan ɗigo. Malam ya nuna mini dabarar da suke yi a nasu fagen: a sauya ma'auni, a rubuta nisa daga wurin juyawa a matsayin murabba'in wani sabon adadi, tashin ya ɓace. Idan an ɗauke wuta da dare, ina yin ɓangaren alƙalami da fitilar waya a ɗakina na haya, in bar na kwamfuta sai wuta ta dawo. Daga ƙarshe hanyoyin biyu suka haɗu a kan lamba ɗaya: rabin tazarar L daidai yake da zurfin zaren sau 0.599. Wato zaren yana nutsawa zuwa wajen 0.83 na tazarar. Makamashin kuwa ya fito −0.228√λ/L, inda λ take auna ƙarfin cuɗanyar gulon. Daidai da na takardar.

Amma wannan amsar tana cewa babu kulle. Makamashi mai tafiya da 1/L irin na cajin lantarki ne, yana dusashewa da nisa, kana iya raba kwak ɗin ka tafi da shi. Haka kuma ya kamata, domin ka'idar da Maldacena ya fara da ita ba ta da wani ma'aunin tsawo nata na kanta, babba da ƙarami duk ɗaya ne a wurinta. Darasin da na ɗauka a nan ya fi lambar amfani: rashin kulle da rashin ƙasan rijiya abu guda ne.

Mataki na biyu sai ya zama a fili. A yi wa rijiyar ƙasa. Polchinski da Strassler sun yi haka a 2001, suka datse sararin a wani zurfi z₀, daga baya a 2005 Erlich da Katz da Son da Stephanov suka gina samfurin meson a kansa. Ana tsayar da z₀ ne da nauyin meson ɗin da ake kira rho, wajen MeV 775 (MeV 1000 ne GeV 1, da shi ake auna nauyin ƙwayoyi ma). Nauyin yana fitowa daga wurin da lanƙwasar Bessel ta fara taɓa sifili, 2.405, a raba da z₀, sai z₀ ya zama wajen femtomita 0.61. Na sa wannan cikin lissafina na baya. Zaren yana taɓa ƙasa idan tazara ta kai wajen femtomita 0.73. Daga nan ba inda zai ƙara nutsawa, sai ya kwanta a ƙasa, duk tazarar da aka ƙara tana ƙara masa tsawo a zurfi ɗaya, tana cin makamashi daidai wa daida. Da zanen ya fito a kwamfuta, ga lanƙwasar 1/L a kusa, ga miƙaƙƙen layi yana hawa a nesa, siffar nan da masanan Jami'ar Cornell suka yi amfani da ita tun shekarun 1970 wajen bayanin ƙwayar J/psi da danginta. Na yi murna ƙwarai a daren nan.

Washegari da yamma na nuna wa wani abokina a wurin mai shayi. Ɗan Njamena ne, cikin 'yan Chadi masu yawa da ke karatu a Dang, lissafi zalla yake karantawa. Ya saurare ni har na gama, ya juya wayar yana kallon zanen, sannan ya ce, "Mutumina, tsaya. Wa ya sa ƙasan nan a wurin?" Na ce ni. Ya ce, "To kai ka gina bango da hannunka, zare ya zo ya jingina da shi, sannan ka ce ka gano dalilin kulle? Abin da ka zuba shi ka kwasa."

Maganarsa gaskiya ce, kuma samfurin da kansa yana nuna gurguntarsa. Rho na biyu, wanda ke fitowa daga sifili na gaba na Bessel, 5.520, lissafi ya ba shi wajen MeV 1780, alhali gwaji yana ganinsa a wajen 1450. A ganina samfurin bango kayan aiki ne mai kyau, yana ba da lambobi da dama kusa da na gwaji da ƙaramin ƙoƙari, amma ba ya amsa tambayar da na fito nema. Da na kai wa Malam, ya ce, "Abokin nan naka ka riƙe shi. Yanzu nemo mini inda sararin ke rufe kansa ba da hannun kowa ba."

Yana cikin takardar Edward Witten ta watan Maris na 1998, kuma wannan ne ɓangaren aikin da na fi ƙauna. Witten ya ɗauki shiyya ɗaya daga cikin na duniyar baki ya naɗe ta ta zama da'ira. Ya kafa sharaɗi a kan ƙwayoyin da ake kira famiyon, dangin ilektiron: duk wadda ta zagaya da'irar ta dawo, alamarta ta juye daga ƙari zuwa ragi. Wannan sharaɗi yana ɗora musu nauyi, sauran abokan rakiyar gulon ma su yi nauyi ta dalilinsu, a ƙaramin makamashi a bar gulon kaɗai, a duniya mai shiyyar sarari biyu da lokaci. Sai a koma ɓangaren girabiti a tambayi lissafin Einstein: wane sarari ne bakinsa ke da wannan siffa? Amsar ita ce sararin da girman da'irarsa ke ɗauke da ƙarin ninki, √(1 − z⁴/z₀⁴). A baki ninkin ɗaya ne. Kana nutsawa yana raguwa, a z₀ ya zama sifili. Da'irar ta tsuke ta ƙare, kuma bayan nan babu wani wuri. Ba bango ba ne da ke tare hanya, sararin ne ya ƙare.

Na zauna na buɗe lissafin a daidai bakin z₀, kamar yadda Malam ya sharɗanta. Kusa da wurin, shiyyar z da da'irar suna haɗuwa su yi shimfiɗa mai tsakiya, kuma don kada tsakiyar ta yi tsini, dole zagayen ya cika 2π cif. Wannan buƙata kaɗai ta tilasta kewayen da'irar ya zama πz₀. Layi kaɗan ne a takarda. Na maimaita su don daɗin ganin yadda π ke fitowa. Zurfin ƙasan ba zaɓina ba ne kuma, girman da'irar da na fara da ita ne ya yanke shi, ta hanyar lissafin Einstein. A wannan zurfi kuma ninkin R²/z₀² da ke auna nauyin zare a kwance bai zama sifili ba. Da na sake sakin zaren a wannan sarari, yana ta matsowa kusa da z₀ yayin da tazara ke ƙaruwa, ya shimfiɗe a can, makamashi ya koma miƙaƙƙen layi ba tare da karyewar da samfurin bango ke yi ba. Kinar da Schreiber da Sonnenschein sun mai da wannan ƙa'ida ta gaba ɗaya a 1998: duk sararin da ke da zurfin da zare ba ya iya wucewa, kuma nauyin zaren bai mutu a wurin ba, ka'idar da ke bakinsa tana da kulle.

Na kai wa abokina wannan. Ya bi layukan da yatsa, ya ce, "Yanzu ka yi magana."

Hutu ya same ni a Garwa cikin zafin bazara, bayan na saba da sanyin tudun Adamawa. A can na yi lissafi na uku, na nauyin dunƙulen gulon, wato ƙwayar da babu kwak a cikinta, gulon ne zalla suka riƙe juna. A ɓangaren girabiti, wannan kaɗawa ce ta wani fili marar nauyi a cikin sararin Witten. Ana so kaɗawar ta kasance lafiya lau a z₀, ta kuma mutu a baki, kuma ba kowane nauyi ne ke cika sharuɗɗan biyu ba. Hanyar harbi na bi: ka zaɓi nauyi, ka taso daga ƙasa, ka bi lissafin har baki, ka ga ko ya sauka a sifili. In ya wuce ta sama ka gyara, in ya wuce ta ƙasa ka gyara ta ɗaya gefen, har ka matse shi. Kwamfutar takan yi zafi da rana har ta kashe kanta, sai na koma yin aikin bayan sallar asuba. Murabba'in nauyin ya fito 11.59, sannan 34.53, sannan 68.98, a ma'aunin 1/z₀², lambobin da Csáki da Ooguri da Oz da Terning suka samu a 1998. Babu sifili a cikinsu, babu kuma wani abu ƙasa da na farkon. Filin da ba shi da nauyi a shiyya biyar ya haifi ƙwayoyi masu nauyi a baki, don kawai sararin yana da ƙarshe. Giɓin nauyin da Cibiyar Clay ke tambaya ke nan, a cikin wannan samfuri. Nauyi na biyu ya ninka na farko sau 1.73, lissafin raga na irin wannan duniya kuwa yana ba da wajen 1.5. Ba daidai ba ne, amma ba nesa ba.

Yayana, wanda shi ya saya mini kwamfutar daga ribar shagonsa, ya same ni a kan tabarma ina wannan aiki. Ya ce, "Kai, wannan karatu naka, a ƙarshe me za a yi da shi?" Na ce, "Yaya, ba zan ce maka za a ƙera wani abu da shi gobe ba. Amma furoton nauyinsa MeV 938 ne, kwak ukun da ke cikinsa in ka tara nasu nauyin bai fi 10 ba. Sauran duk makamashin wannan ɗaurin ne. Kusan duk nauyin jikinka da nawa da na buhun da kake aunawa daga nan yake, kuma har yau ba wanda ya iya fitar da shi da alƙalami daga ka'idar." Ya yi shiru, ya ce Allah ya taimaka, ya tafi kasuwa. Amsar da na ba shi ita ce dalilin da ya sa ban gaji da aikin ba.

Babi na ƙarshe na kundin a kan tasirin zafi yake. A wannan lissafi, zafi yana shiga ne ta hanyar naɗe lokaci shi ma ya zama da'ira, mai kewayen 1/T, inda T ke nufin zafin. Sai ka samu da'ira biyu a baki, ta sarari da ta lokaci, kuma lissafin Einstein ya yarda ɗaya daga cikinsu ta tsuke a can ciki. Wadda ta fi ƙanƙanta ita ke tsukewa. Idan da sanyi, da'irar lokaci babba ce, ta sarari ke rufewa, muna cikin kulle. Zafi yana hawa da'irar lokaci tana ƙanƙancewa, ranar da ta gaza ta sarari sai su yi musaya. Sararin da da'irar lokacinsa ta tsuke kuwa sunansa baƙin rami. A bakin baƙin rami nauyin zare a kwance sifili ne, don haka idan tazara ta yi yawa zaren ya gwammace ya rabu biyu, kowane ɓari ya zube kai tsaye cikin ramin, kwak ya daina jin kishiyarsa. Kulle ya buɗe. Hawking da Page sun gano irin wannan sauyi tun 1983 suna nazarin baƙin rami kawai, ba su da wata niyya game da kwak, Witten ne ya ce ai buɗewar kulle ce. A duniyarmu abin yana faruwa a wajen MeV 155, kusan digiri tiriliyan 1.8, kuma an samar da wannan yanayi na ɗan ƙiftawar ido ta hanyar karo da ƙwayoyin zinariya a Brookhaven ta Amurka da na dalma a CERN. Sai dai a can sauyin a hankali yake zuwa, a samfurin Witten kuwa tsalle ne. Wanda ya fi kama da shi shi ne lissafin raga na gulon zalla ba kwak, inda ake ganin tsallen a wajen MeV 270.

Ranar kare kundi, shugaban kwamitin ya bar ni na gama, sannan ya yi tambayar da na san tana tafe: shin na nuna cewa QCD tana kulle kwak? Na ce a'a, ranka ya daɗe, na kuma faɗi dalilai. Launukanmu uku ne, lissafin yana buƙatar su yi yawa ƙwarai. A duniyarmu akwai kwak marasa nauyi sosai, idan tazara ta ɗan haura femtomita 1 zaren yana tsinkewa, sabon kwak da kishiyarsa su fito a wurin tsinkewar, abin da samfurina ba ya gani. Babbar matsalar kuma ita ce wadda Witten da kansa ya ambata. Girabitin Einstein yana aiki ne idan λ babba ce, amma a nan nauyin dunƙulen gulon da nauyin ƙwayoyin da muka ce mun kora ta hanyar da'ira duk girmansu ɗaya, z₀ ɗaya ke yanke su. Ba su tafi ko'ina ba. Don a rabu da su a samu gulon zalla na gaskiya sai an rage λ, da ka rage ta kuwa sararin ya lanƙwashe ainun, Einstein ya daina isa, sai cikakkiyar ka'idar zare a lanƙwasasshen sarari, wadda ba a iya warware ta ba tukuna. Raunin ƙarfi a kusa da Gross da abokansa suka gano ma ba ya cikin samfurin.

Shugaban ya ce, to me na samu ke nan? Na ce na samu wata ka'ida 'yar'uwar QCD wadda a cikinta kulle da giɓin nauyi da buɗewar kulle da zafi, abubuwa uku da a raga kowanne sai an yi masa nasa dogon lissafi, duk suka fito daga abu ɗaya, wato yadda sarari ke ƙarewa a z₀. Kuma kowace lamba a ciki ana iya bin ta da hannu. Na yi imani wannan fahimta ce ta gaske ko da ba hujja ba ce, kuma ina ganin wanda ya ce holografi ya warware kulle ya yi wa fagen illa daidai da wanda ya ce wasa ne kawai.

Yanzu ina kan takardar Klebanov da Strassler ta 2000. A can ba a naɗe wata shiyya ta duniyar baki ba. Shiyyoyin nan biyar na ciki ne ke yin aikin: wani ƙwallo mai shiyya biyu yana tsukewa a ƙasa, wani mai shiyya uku ya tsaya da girmansa, kuma ƙarfin cuɗanya yana sauyawa sannu a hankali da zurfi, kusa da yadda yake yi a QCD. Ninkin da ke auna nauyin zare a wannan sarari ba ya rubutuwa da jumla rufaffiya, intigiral ne da sai kwamfuta ta tara shi a kowane zurfi kafin a saki zaren. Malam ya ce sharaɗinsa na nan yadda yake, abokina ɗan Njamena kuma ya karɓi ɓangaren siffar ƙwallayen, ni ina rubuta shirin da zai tara intigiral ɗin.